YAWON BUƊE IDO KO YAWON RUFE IDO?

Akwai wani salon rubutu da ya fara yaɗo a jaridunmu da mujallunmu da shafukan intanet, wanda in ba a yi wa tufkar hanci ba zai zame wa adabin Hausa ƙarfen ƙafa. Shi ne rubutun yabon tafiya. Mutum ya biya kuɗi, ko kuwa a biya masa, a ɗauke shi yawon shaƙatawa na 'yan kwanaki, ya dawo ya cika mana shafi huɗu da labarin laushin katifa da sanyin ɗaki da yawan naman da aka jibga masa a faranti, sa'an nan ya rufe da cewa wai ya shiga cikin mutanen ƙasa kaza, ya san al'adunsu ciki da bai. Daga ƙarshe ya ba tafiyar taurari biyar, kamar malamin da ke ba ɗan gaban goshinsa maki. Mu dai a wurinmu wannan roƙo ne. Bambancinsa da na bakin kasuwa shi ne, maroƙin kasuwa ba ya ɓoye wa kowa cewa kyauta yake nema.

Asalin wannan salo daga masu yawon teku yake. Ga wanda bai sani ba, akwai wasu jiragen ruwa waɗanda ba kaya suke ɗauka ba, ba kuma wani gari guda suka nufa ba, aikinsu kawai su yi ta zagawa da masu hannu da shuni. Jirgi ɗaya gari ne guda, da ɗakunan kwana da na cin abinci da kantuna da wuraren wasanni, mafiya girma daga cikinsu suna ɗaukar fasinja fiye da 5,000. Waɗanda ke biyowa ta gaɓar Afirka ta Yamma sukan ya da zango a Dakar da Banjul da Takoradi da Tema da Lome da Kwatano. Jirgi ya iso da asuba, bayan karin kumallo a zuba fasinjoji a motoci masu sanyi, a kai su tsibirin Gore, ko kurkukun bayi na Elmina, ko garin Wida, a ratse wani ƙauye a yi musu kiɗa da rawa, su sayi 'yar tsaraba, kafin magariba kowa ya koma, don jirgi ba ya jiran kowa. Washegari kuma wata ƙasar ce. Wannan shi ne abin da takardun talla ke kira cuɗanya da mutanen gari da sanin al'adunsu.

Mai karatu na iya cewa, to ina ruwan biri da gada? Mu da muke Mashi, tsakaninmu da teku tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce, jirgin ruwan da yaranmu suka sani bai wuce na takarda da suke saki a kwata da damina ba. Ruwanmu kuwa shi ne, tsarin nan ya riga ya hauro tudu. Motar safa mai baƙin gilashi ita ce jirgin. Ta taso daga Abuja ko Kano da baƙi, Turawa da 'yan ƙasa, ta ya da zango a Katsina, a kalli hawan salla, a ɗauki hoto a gindin hasumiyar Gobarau, a leƙa tsohuwar Kwalejin Katsina. Washegari a kama hanyar Daura, a sha ruwan Kusugu, a yi gaisuwa a fada, a juyo kafin la'asar. Katsina tasha, Daura tasha. Mu kuwa da ke tsakani, Mashi da ƙauyukanta, mu ne tekun da ake ratsawa. Baƙon da ya wuce ta gabanmu a guje, gilashi a rufe, shi ne zai je ya rubuta cewa ya san ƙasar Hausa. Bai san garin da ya wuce ƙasar Iyan Katsina ce ba, bai san inda masarautar Katsina ta tsaya ta Daura ta fara ba, bai kuma ji yadda bakin mutane ke juyawa daga Katsinanci zuwa Dauranci a cikin kilomita 80 ɗin nan ba.

Maganarmu a nan guda ce. Ba a sanin mutane cikin awa biyu, duk kuwa marubucin da ya ce ya san su haka ya yaudari masu karanta shi. Da a nan ɓarnar ta tsaya da da sauƙi, don baƙo raɓa ne, hantsi na yi ya tafi. Inda gizo ke saƙa shi ne, 'yan gida sun shiga datse tarihi suna rage masa tsawo don ya shiga cikin awa biyun nan, kamar telan da ke yanke babbar riga don ta yi wa yaro daidai. Baƙo ya tafi da guntu, gida ma a bar shi da guntu, a kwana a tashi guntun nan shi ne zai zama iyakar abin da 'ya'yanmu suka sani game da kansu.

Mu fara da batun kuɗi, tunda shi ne hujjar farko da akan kawo. Fasinjan jirgin nan ya biya kuɗin kwana da na abinci tun daga ƙasarsu, ga kamfanin da ke can. Yawon da zai yi a tudu ma galibi a hannun kamfanin yake sayen tikitinsa. Kamfani ya cire nasa ya miƙa saura ga wakilinsa na tasha, wakili ya cire nasa ya ɗauki motoci da ɗan jagora, ɗan jagora kuma ya san kantin da zai tsayar da su, don akwai la'adarsa a can. Kafin abin ya gangaro kan makaɗin ƙauye da matan da suka bar surfe suka zo rawa da tsakar rana, sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Baƙo bai kwana a gari ba, bai ci tuwon gari ba, amma ya bar wa gari cunkoso da shara. Ba mu kaɗai muka lura da haka ba. A shekarar 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jiragen nan ratsa tsakiyar birnin Benis, garin da ya fi mu sanin daɗin kuɗin baƙi, don ta ga ɓarnarsu tana neman cinye birnin. Motar safa ma haka take a nan. Ruwan sha yana cikin mota, abinci yana cikin kula tun daga otal. Mai fura da mai tsire da ke bakin titin Mashi ƙura kawai suke samu.

To, mu ɗauka kuɗin ma yana shigowa. Me ake sayarwa? Mu je bakin Kusugu mu kasa kunne. Abin da baƙo ke samu bai wuce wannan ba: wani jarumi wai shi Bayajida ya zo daga Bagadaza, ya tarar da wata macijiya da ake kira Sarki ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya kashe ta, ya auri sarauniya, daga nan aka sami Hausawa. A ɗebo ruwa a guga a ba shi ya kurɓa, ya ɗauki hoto, shi ke nan. Alhali kuwa labarin da kansa, in an bar shi ya miƙe ƙafa, ya ƙaryata wannan taƙaitawa. Wuƙar da ya kashe macijiyar da ita maƙeran Gaya suka ƙera masa, ke nan akwai maƙera kafin zuwansa. Tsohuwa Ayana ce ta sauke shi a gidanta, to da wane harshe ta yi masa maraba? Daurama ba ita ce mace ta farko da ta riƙe ƙasar ba, akwai jerin Magajiyoyi gabaninta tun daga Tsohon Birni. Gari da rijiya da sarauta da sana'a, duk tarar da su ya yi. Sa'an nan ina labarin Bagwariya da ɗanta Karɓagari, da yadda sunan Bawo ya zama amsa ga sunan ɗan'uwansa? A nan ne ma'anar Hausa Bakwai da Banza Bakwai take, da duk siyasar da ke ƙunshe cikin wannan rabo. Masana irin su Abdullahi Smith tun 1970, da Yusufu Bala Usman bayansa, sun yi doguwar muhawara suna nuna cewa garuruwan Hausa daga cikin gida suka girma, ta hanyar noma da ƙira da kasuwanci, ba wani mutum ɗaya ya ɗauko su a bayan doki ba. Wannan muhawara ba ta shiga awa biyu, saboda haka sai a ya da ita.

Daɗin daɗawa, sai ka ce tarihin Daura ya ƙare ranar da macijiya ta mutu. A wajen shekarar 1805 jihadi ya iso, Malam Isiyaku ya karɓi garin, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Kusan shekara ɗari aka yi ana da Daura fiye da ɗaya: ta Fulani a birni, ta gidan tsohuwar sarauta a Zango da Baure. A farkon ƙarni na 20 Turawa suka maido da Malam Musa daga Zango suka ba shi birni, abin da ba su yi a Kano ko Katsina ko Zazzau ba. Ɗansa Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, shekara 55 ke nan, sa'an nan Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007. Wani masani ɗan ƙasar Jamaika, M. G. Smith, ya rubuta katon littafi a kan wannan al'amari, The Affairs of Daura, wanda ya fito a 1978. Da Turanci yake, kuma muna tambaya, 'yan jagora nawa suka taɓa ganin ko da bangonsa? Ga kuma Durɓi Ta Kusheyi a ƙasar Mani, nan maƙwabtanmu, inda ake cewa nan ne kushewun sarakunan Katsina na farko. Bature Palmer ya tona wurin a 1907, aka sake tonawa a 1992, aka sami kayan tagulla da zinariya da hauren giwa da wuri, har da tasar da aka ƙera a Gabas ta Tsakiya, shaidar cewa ɗaruruwan shekaru da suka wuce ƙasar nan tana cikin kasuwancin duniya dumu-dumu. Sai da aka kai kayan Jamus aka gyara su aka yi nazarinsu. Motar baƙi ba ta cika ratsewa can ba, don tuddan ƙasa ne kawai, ba sa kyau a hoto.

Haka abin yake ga hawa. Ita kanta kalmar daba da ake tallata shi da ita ba tamu ba ce, daga Indiya Turawa suka zo da ita, asalinta kuwa Farisanci. Su suka mai da hawa abin nuna wa manyan baƙi. An yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, an yi wa Sarauniya Elizabet a Kaduna a 1956, an sake yi a Kaduna lokacin bikin FESTAC a 1977. A 2024 kuma hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Madalla, ba mu ƙi ba. Amma kafin hawa ya zama kallo, magana ce tsakanin sarki da jama'arsa. Jerin da hakimai ke bi, wa ke gaba wa ke baya, tarihi ne. Jafi mubaya'a ce. Tambari da kakaki da algaita kowanne da abin da yake faɗa da wanda ake yi wa shi. Hawan Magajiya a Daura tuni ne ga zamanin da mata suka riƙe ƙasar, Sallar Gani ta watan Rabi'ul Awwal kuwa ita ce ke tattaro 'ya'yan Daura daga ko'ina su dawo gida. A bayan doki ɗaya da ya fito fili akwai baduku da maƙeri da maɗinki da marini da yaron barga, akwai manomin da ya noma dawa ya ɗaura harawa, akwai dagacin da ya yi wata guda yana lissafin yadda zai fita kunya. Baƙon da ke rumfar manya launi kawai yake gani, ba laifinsa ba ne. Abin kunyar shi ne marubucinmu, ɗan gida, ya ari idon baƙo ya rubuta mana cewa an yi ƙayataccen biki mai launuka iri-iri, ya sa aya.

Abin takaicin kuwa, mu ba baƙin tafiya ba ne, balle a ce yau aka fara koya mana. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro watanni suke yi a hanya, madugu a gaba, su sauka wurin fatoma, su koyi harshen masu gari, su san abin da ake ci da abin da ake ƙi, wasu su yi aure su zauna. Zangunan Hausawa da ke Ankara da Lome da Kwatano, waɗanda motocin 'yan jirgin ruwa ke wucewa ta gefensu ba su ko waiwaya ba, su ne shaidar abin da ake nufi da shiga cikin mutane. Ko cikin Turawa an sami wanda ya yi abin kirki. Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, shekara biyar ya yi a tafiyarsa, daga 1850 zuwa 1855. Ya koyi Hausa, ya sauka Katsina a 1851, ya sake dawowa a 1853, ya rubuta sunayen unguwanninta, ya bi kasuwar Kano ya rubuta kayanta da farashinsu. Har yau masana suna buɗe littattafansa. Wa zai buɗe rubutun mai taurari biyar bayan sati biyu? Shi kansa Bayajidan da ake ta ambato ai baƙo ne. Amma a gidan talaka ya sauka, ya ji ƙishirwar da mutane ke ji, ya yi wa gari aiki, ya zauna. Da kurɓa ɗaya ya yi ya hau dokinsa ya wuce, da babu wanda ya riƙe sunansa.

A ɓangaren rubutu ma muna da magabata. Dorugu, yaron nan Bahaushe na ƙasar Damagaram da Barth ya tafi da shi Turai a 1855, ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Yaro ne ƙarami, amma ya zauna cikin gidajen Turawa, ya lura da yadda suke cin abinci da yadda suke mu'amala, ya faɗi abin da ya ba shi mamaki da abin da ya ba shi dariya. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya shiga jirgin ruwa a 1921, ya je Ingila ya wuce Makka, idonsa kuwa yana kan abin da zai amfani ƙasarsa. Abubakar Imam ya ƙetare teku a 1943 ana tsakiyar yaƙi, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Waɗannan bayin Allah su ma sun kwanta kan katifa sun ci abincin jirgi, amma ba shi suka dawo suna ba mu labari ba. Sun yi tambaya, sun kwatanta can da nan, sun dawo da abin da za a yi gardama a kansa. Wannan shi ne ma'aunin rubutun tafiya a adabinmu, kuma ba mu ga dalilin da zai sa a rage mudun ba don kawai wani kamfani ya ba marubuci kujera kyauta.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce da babu gara ba daɗi, ko awa biyun ma ai wani abu ne. Za a ce baƙonka annabinka, bai kamata a yi wa mai zuwa ganinka gori ba. Za a kuma ce ba kowa ke da shekara biyar irin ta Barth ba. Duk mun ji, kuma ba da baƙo muke faɗa ba. Wanda ke da awa biyu ya zo da awa biyunsa, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Amma girmama baƙo bai haɗa da yi masa ƙarya ba, kuma in ya koma gida ya ce ya gani, kada ya ce ya sani, don gani ba ci ba ne. Game da kuɗin baƙin waje kuwa, sai mu dubi Agadas. An yi zamanin da Turawa ke tururuwa can, gasar motocin nan ta Faris zuwa Dakar tana bi ta garin, masu motoci da maƙeran azurfa da 'yan jagora suna samu. Da tawaye ya sake tashi a 2007, baƙi suka ɗauke ƙafa. A 2008 aka soke gasar saboda tsaro, shekarar da ta biyo aka mai da ita Kudancin Amurka. Garin yana nan da masallacinsa, har UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihin duniya a 2013, amma waɗanda suka jingina abincinsu da baƙon nesa sun ji a jika. Mu ma a jihar nan mun ga yadda labarin rashin tsaro guda ɗaya kan isa ya kori baƙon nesa shekara da shekaru. Baƙon da ba ya yankewa shi ne na kusa: ɗalibi, da ɗan kasuwar Maiaduwa, da ɗan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da ɗan Daura da aka haifa a Ikko. Su ne ya kamata a yi wa tanadi, su kuwa guntun labari ba ya isarsu.

Mu malaman makaranta mu ke ganin sakamakon a takardun yara. An cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a wajen 2009, sai da aka shafe shekaru kafin a fara maganar maido shi. Yaran da suka tashi cikin wannan giɓi, wasunsu yau su ne 'yan jagora, wasunsu su ne masu rubutu. Ka tambayi ɗan aji uku abin da ya sani game da Daura, sai ya ba ka macijiya da Juma'a, daidai da abin da aka ba Bature. Ka tambaye shi Zango da Baure, sai ya ce ƙananan hukumomi ne. Wasu makarantun ma in sun tashi kai yara ziyara, tsarin jirgin ruwan nan suke bi: a karɓi kuɗin mota, a tafi da hantsi, a jera yara a yi hoto, a dawo da la'asar, ba wanda ya ce su rubuta ko layi biyar. Yaron da ya sha ruwan Kusugu ya dawo bai ƙaru da komai ba, an buɗe masa ido ne ko an rufe?

Dalilin da ya sa muka ga maganar ba ta jira shi ne, a watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wadda aka tsara ta bi ta Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya. Duk ranar da jigila ta kankama, Mashi ta tashi daga teku ta zama tasha. Baƙi za su sauka, masu shirya yawo za su biyo su da takardun tallarsu, kuma in ba su tarar da labari a ƙasa ba za su ƙirƙiro mana wanda zai yi daidai da awa biyunsu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Nan ne aikin ƙungiyar marubuta yake, ba na gwamnati kaɗai ba. Muna da hannun da ke fitar da littattafan soyayya bila adadin, hannun nan ba zai gaza fitar da ƙananan littattafai na Hausa masu shafi arba'in arba'in ba: ɗaya a kan Kusugu da cikakken labarinta da muhawarar masana, ɗaya a kan Zango da Baure, ɗaya a kan Durɓi Ta Kusheyi, ɗaya a kan ma'anar hawa, ɗaya a kan garuruwan kan hanya irin namu. Kowane reshe ya ɗauki ƙasarsa. A zauna da tsofaffin makaɗan fada da sarakunan sana'a da dattawan mata a naɗi maganarsu tun suna raye, don duk tsohon da aka kai kushewa da nasa kundin yake tafiya. A nemi izini a fassara abin da masana suka rubuta da Turanci. Littafin da ɗan jagora zai karanta, malami ya koyar da shi, baƙo ya saya ya tafi da shi, ya fi tsarabar da aka yo odarta daga waje aka buga mata sunan Daura.

Ga 'yan'uwanmu masu rubutun tafiya kuwa, ko ta teku ce ko ta tudu, muna roƙon editocinmu kada su karɓi rubutun kowa sai ya amsa tambayoyi huɗu a cikinsa. Wa ya biya kuɗin tafiyar? Awa nawa ya yi a garin da yake ba da labari? Da wa ya yi magana ban da ɗan jagora da mai otal? A cikin abin da ya kashe, nawa ya faɗa hannun ɗan gari? Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya, ko yabo ya yi za mu karanta mu ƙaru. Wanda ya kasa, to ya kai rubutunsa shafin talla ya biya kuɗin fili kamar kowa, kada ya zo ya tsugunna a inuwar adabi. Marubuci shaida ne, shaida kuwa ba ya faɗin abin da bai gani ba, ba ya kuma cin tuwon ɗaya daga cikin masu ƙara sa'an nan ya zo ya ɗaga hannu.

Muna jiran martani daga duk wanda ya ga ba haka ba, musamman waɗanda suka taɓa shiga jirgin ko motar, don filin nan na kowa ne. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka yi tafiya suka dawo mana da ilmi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa mu san gidanmu kafin mu nuna wa baƙo ƙofarsa. Amin.